Firij ɗina ya mutu: wanne zan saya da zai jure wutarmu da zafin Kano?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema kafin in sake fitar da kuɗi. Firij ɗina ya tsaya cak, mai gyara ya ce kwamfureso ne, wato injin da ke bayansa, ya tafi. Da ma tun bara yake wahalar da ni, a cika masa gas ya yi sanyi na ɗan lokaci, ya koma ɗumi. Yanzu kuwa sai ka ji ya yi "ƙyas", ya ɗan yi gurnani, ya yi shiru, can kuma ya sake. Fitilar ciki tana kamawa amma ko ruwan leda ba ya sanyayawa. A Kano nake, ina ɗan taɓa sana'ar zoɓo da kunun aya a gida, ga cefanen yara. Adashina ya kusa fitowa, shi nake so in sa a ciki. Na leƙa Sabon Gari, kowane mai shago nasa yake yabo: wannan ya ce LG, wancan ya ce Hisense, wani Thermocool, wani Midea ko Scanfrost ko Nexus. Don Allah waɗanda suka yi amfani da su su faɗa min gaskiya, wanne ne mai ƙarko?

Ummu Sudais:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Maman Ilham. Ni dai Thermocool ne a ɗakina tun na aure, babbar 'yata yanzu tana sakandare, bai taɓa kwana a wajen mai gyara ba sai robar ƙofa da aka canza. Ba talla nake musu ba.

Baban Walid:
Wane kamfani ne wanda ya mutun? Ki faɗa mana mu ma mu kiyaye.

Maman Ilham:
Baban Walid ba zan kama suna ba. Maƙwabciyata iri ɗaya muka saya, nata yana nan yana aiki lafiya lau. In na ɓata musu suna na ɗauki alhaki, tunda ban san ko laifin wutar layinmu ba ne.

Mai Gyaran Sanyi:
Hajiya, wannan maganar taki ta ƙarshe ita ce rabin amsar. Ni wannan ce sana'ata a Kaduna, kuma duk sunan da kika lissafa babu wanda bai taɓa shigowa shagona ba, babu kuma wanda ban ga ya tsufa a gidan wani ba. Amma kafin mu je ga sabo, ki tsaya tukun. Wannan "ƙyas" da kike ji, obalod ne, wato ɗan abin da ke kare injin daga ƙonewa, yake yanke wuta saboda kwamfureso ya kasa tashi. Abu uku ne suke jawo haka: ko rile ya lalace, ko wuta ta yi ƙasa, ko kwamfureson ya kama da gaske. Rile ɗan ƙaramin abu ne a gefen kwamfureso mai taimaka masa ya tashi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In an ciro shi an girgiza aka ji yana kacau-kacau, ya ƙone. Mai gyaran naki ya sa mita ya auna ƙafafun kwamfureson guda uku a gabanki, ko ido kawai ya kalle shi da shi?

Maman Ilham:
Ya auna, Malam. Ya ma zo da wani rilen ya gwada, duk ɗaya. Ya ce in ina so ya sa min kwamfureso ɗan Beljiyam.

Mai Gyaran Sanyi:
To madalla, ya yi aikinsa. Amma ban ba ki shawarar canza kwamfureson ba, kuma ga dalili. Kin ce tun bara ake cika gas yana zurarewa. Gas ɗin firij ba ya ƙarewa, zagayawa yake yi a cikin bututu rufaffe. In ya ragu, akwai inda yake yoyo. In yoyon a baya yake inda ido ke gani, a yi walda a wuce wurin. In kuma a cikin jikin firij ɗin ne, cikin soson da aka rufe, to an shiga uku, don sai an farke jikin, kuma ba kasafai yake komawa daidai ba. Gas ɗin nan da yake dawowa shi yake sanyaya kwamfureso, in babu shi injin yana ta aiki ba hutu da zafi har ya ƙone. Kin ga ko an sa miki wani, ramin da ya kashe na farko yana nan yana jiran na biyu.

Alhaji Ɗan Kasuwa:
Ni fa duk wannan sababbin ban yarda da su ba. Roba ce zalla, ka ɗaga da hannu ɗaya. Hajiya ki nemi ɗan Beljiyam na asali, irin mai nauyin nan na Jamus. Na gidana tun zamanin Obasanjo yake daskarar da ruwa, ko wuta ta zo rabi-rabi sai ya tashi. Turawa ba su san ha'inci ba a wancan lokacin.

Injiniya Abuja:
Ranka ya daɗe, naka ya yi ƙarko, ba musu. Sai dai shi muke gani saboda shi ne ya rayu. 'Yan'uwansa da aka sauke a kwantena ɗaya da shi suna ina? Yawancinsu 'yan jari-bola sun daɗe da farfasa su. Sannan akwai abin da ba a faɗa wa mai saye. Da yawa cikin tsofaffin firij ɗin da aka ƙera don Turai, an ƙera su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. A jikin kowane firij akwai takarda, a ciki ko a baya, da aka rubuta ajin yanayinsa: N yana nufin har digiri 32, ST har 38, T har 43. Kano a watan Afrilu ana haura 40 a inuwa, balle kicin mai rufin kwano. Mai N a irin wannan zafi ba ya samun hutu. Maman Ilham, ko wane kamfani kika zaɓa, ki sa a juya miki shi ki karanta wannan takardar. In ba ki ga T ba, ki bar musu kayansu.

Alhaji Ɗan Kasuwa:
Injiniya, takarda daban, aiki daban. Nawa ban san me aka rubuta masa ba amma ƙanƙararsa sai da guduma.

Injiniya Abuja:
Na yarda, Alhaji. Amma kana kan mita kuwa?

Alhaji Ɗan Kasuwa:
Bil suke kawo mana.

Injiniya Abuja:
Shi ya sa. Ranar da aka sa maka mita za ka san abin da yake sha. Tun Afrilun 2024 da aka kai 'yan Band A, wato layukan da aka fi ba wa wuta, naira 225 kowane yunit, mutane da yawa suka fara lissafin da ba su taɓa yi ba. A ce firij yana cin yunit 300 a shekara, a wancan farashin naira 67,500 ke nan. Tsohon da robarsa ta saki, injinsa ya gaji, zai iya ninka wannan. Arhar da ka samu ranar saye, a wajen kuɗin wuta za ka biya ta.

Hajiya Kumasi:
Sannunku 'yan Najeriya. Mu nan Gana tun 2013 gwamnati ta hana shigo da tsofaffin firij gaba ɗaya, saboda cin wuta da kuma tsohon gas ɗin da ke cikinsu. Sabo kuma dole a manna masa takarda mai taurari a ƙofa, yawan taurarin ƙarancin cin wutarsa. Mutanenmu a Zango sun yi ta ƙorafi da farko don da yawa sana'arsu ke nan, amma yanzu kowa taurari yake ƙirgawa kafin ya tambayi farashi.

Mai Gyaran Sanyi:
Maganar tsohon gas gaskiya ce. R12 da tsofaffin nan suke amfani da shi an daina yin sa, yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta kashe shi, ƙasashe irin namu aka ba su zuwa 2010. In irin wannan firij ya yi yoyo yau, dabara kawai za mu yi masa. Wani abin kuma, Alhaji, a cikin kayan gwanjo akwai 'yan Amurka masu wuta volt 110. Tamu 230 ce. Na sha ganin wanda aka kawo gida, yaro ya jona shi kai tsaye ba taransifoma, ko minti ɗaya bai yi ba.

Maman Ilham:
Gwanjo dai na cire shi a lissafi, Alhaji ka yi haƙuri. To a cikin sababbin fa? Har yanzu ba wanda ya ce min ga ɗaya.

Baban Walid:
LG inbata, mai injin da ke rage gudu yana ƙarawa da kansa. Magana ta ƙare. Waranti shekara 10 suke bayarwa. Ba ya ƙara, ba ya shan wuta, a kan sola nake tafiyar da nawa.

Mai Gyaran Sanyi:
Baban Walid, ka ɗauko takardar ka sake karantawa. Shekara 10 ɗin nan a kan kwamfureso ne kaɗai, ba a kan firij ɗin gaba ɗaya ba. Ba su kaɗai suke yin haka ba. Sauran jikin warantinsa gajere ne. Kuma a firij mai inbata, abin da ya fi saurin tafiya a wutarmu ba kwamfureson ba ne, bod ne, wato allon lantarkin da ke sarrafa shi. Wuta ta dawo da ƙarfi sau ɗaya, ko a yi tsawa, shi ke nan. Firij na gargajiya in ya lalace, rile, obalod, tamostat, duk akwai su a kowace kasuwa kuma kusan na kowane kamfani yana shiga na wani. Bod kuwa sai nasa, lamba da lamba. In babu a gari sai a jira daga Legas.

Injiniya Abuja:
A nan zan ɗan saɓa maka, Oga. Ba wai abin da ka faɗa ƙarya ne ba, amma ka faɗi gefe ɗaya. Kwamfureso na gargajiya duk lokacin da zai tashi yana fizgar wuta ninki da yawa na abin da yake ci in yana tafiya. In wuta ta yi ƙasa, ya kasa juyawa, waya ta yi zafi, a hankali ta ƙone. Abin da ya kashe firij ɗin rabin mutanen zauren nan ke nan. Mai inbata a hankali yake tashi, yana rage gudu yana ƙarawa maimakon kashewa da kunnawa, kuma yawancinsu suna jure wuta mai rauni fiye da na da. Ga wanda ke kan sola ko ƙaramin janareta, bambancin a fili yake. Ku masu gyara kuna ƙin sa ne don ba a gyara shi da filaya da sukundireba.

Mai Gyaran Sanyi:
Haba Injiniya, har da gori? Muna gyara bod ma, yara sun koya. Ni abin da nake cewa, Hajiya adashi za ta ɗauka. In ya tsaya mata a tsakiyar azumi, wanne za ta iya tayarwa a rana ɗaya da kuɗin cinikin zoɓo? Kai kana Abuja, ofishin kamfani yana bayan gidanka.

Injiniya Abuja:
Wannan kuma ka yi gaskiya. Amma Kano ba ƙauye ba ce, manyan dilolin duk suna da wurin gyara a can.

Ummu Sudais:
Ku dai maza kun mayar da abin gasar karatu. Maman Ilham, tambaya ɗaya: awa nawa kuke samun wuta?

Maman Ilham:
Ba tabbas, Anti. Wani lokaci su kawo da daddare su ɗauke da asuba, wani lokaci a wuni a kwana babu. In ta zo kuma da yamma fanka da ƙyar take juyawa.

Ummu Sudais:
To ni a ganina ba firij kike buƙata ba, firiza ce, irin ta kwance mai murfi a sama. Ni da na fara ƙanƙara da lamurje da firij na fara, wahala kawai na sha. Duk buɗe ƙofa sanyin zubowa yake yi ƙasa, kina ji a ƙafarki. Ta kwance kuwa ko kin buɗe sanyin yana zaune a ciki. Ki jera robobin ruwa a ƙasa su daskare, zoɓon a sama a cikin kwando. In aka ɗauke wuta ƙanƙarar nan ita za ta riƙe miki kaya. Lokacin da Arewa ta yi sama da mako babu wuta a Oktoban 2024, kwanakin farko da ƙanƙarar ƙasan firizata muka yi ta lallaɓawa kafin komai ya narke, masu firij tun washegari suka fara rabon nama.

Injiniya Abuja:
Ummu Sudais ta fi mu gaskiya duka. Ƙa'idar da aka sani ita ce, firij in ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyi kamar awa 4 bayan ɗauke wuta, firiza cikakkiya kuwa kusan awa 48, in rabi ce awa 24. A zafinmu a rage kaɗan.

Maman Ilham:
Amma Anti kayan miya fa? Tumatir da alayyafo in suka daskare ai sun lalace.

Ummu Sudais:
Tumatir ki markaɗa ki tafasa ki ƙulla a leda, ya fi daɗewa ma. Ganye kuwa ki saya na yini biyu. Ko kuma ki nemi kula mai kyau, ki riƙa ciro robar ƙanƙara biyu kina sakawa a ciki, ta zama firij ɗinki. Akwai kuma firizar da ake iya juya maɓallinta ta koma sanyin firij kawai, ki tambaya.

Malam Na Dutse:
Don ganye da tumatir kar a manta da tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ba ta son wuta, iska mai bushewa kawai take so, da damina ne take rage aiki.

Baban Walid:
Malam, ana maganar inbata kana maganar tukunya.

Malam Na Dutse:
Tukunyar ba ta da bod, Baban Walid.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu galibin firigo daga Kano da Katsina ake shigo da su, don haka ina biye da ku. Abin da zan ƙara, ku yi tunanin sola tun wajen saye. A watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke muna wuta bayan juyin mulki, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu a lokacin daga can take zuwa, masu saida ƙanƙara da yawa sun tsaya. Waɗanda suka ci kasuwa su ne masu firiza ta sola, mai aiki da batir mai volt 12 ko 24 kai tsaye. Tana da tsada wajen saye, amma rana ba ta yanke ma kowa. In Hajiya ba ta da halin ta yanzu, ta sayi wadda in ta samu sola gaba za ta iya ɗauka.

Mai Gyaran Sanyi:
To tunda an koma firiza, ni da Injiniya rigimarmu ta ragu, don ta kwance kayan cikinta kaɗan ne. Ba fanka, ba hita, ba taima. Firij ɗin nan da ake ce wa ba ya tara ƙanƙara yana da duk waɗannan, kuma kowanne abin lalacewa ne. Sannan da yake ba ya tara ƙanƙara, ana ɗauke wuta yake hucewa. Ga mai wuta awa 20 yana da daɗi. Ga Hajiya bai dace ba.

Game da suna kuma, bari in faɗi abin da na sani. Sunan da ke ƙofa ba lallai shi ya ƙera injin da ke baya ba. Kamfanonin kwamfureso daban suke, irin su Embraco, Secop, GMCC, Jiaxipera, Donper. Sai ka buɗe firij biyu masu suna daban ka tarar da inji iri ɗaya. Kamfani ɗaya ma yana da mai tsada yana da na talaka, ba ingancinsu ɗaya ba. Shi ya sa in mutum ya ce min "kamfani kaza ya fi", nake tambayarsa wane samfuri, na wace shekara.

Injiniya Abuja:
Ƙari a kan haka, masu cewa ba sa son "ɗan Chana" su sani Haier da Midea da Hisense duk kamfanonin Chana ne, kuma Haier ta sayi sashen kayan gida na GE ta Amurka a 2016, Midea ta sayi na Toshiba a shekarar, Hisense ta sayi Gorenje ta Turai a 2018. Thermocool ɗin da Ummu Sudais take yabo, tsohon suna ne na PZ tun shekarun 1970, amma tun 2001 haɗin gwiwa ne da Haier. LG da Hisense kuma a Najeriya Fouani ne babban dilansu. Abin da ya kamata a tambaya shi ne wa zai amsa in abu ya lalace, kuma a ina yake a garinku.

Alhaji Ɗan Kasuwa:
Kun gani ko? Duk Chana ce. Ni dai na faɗa.

Admin:
Jama'a, na goge saƙonni biyu na masu turo lambar waya da hoton kaya. Nan wurin shawara ne. Mai talla ya jira ranar Asabar.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Na fara karkata ga firizar. Amma tsorona wutar nan, kar in sayi sabuwa ta bi sawun wancan. Sitabilaiza dole ne?

Mai Gyaran Sanyi:
A layin da fanka ba ta juyawa da yamma, dole ne. Ki sa kuɗinsa a cikin lissafi tun yanzu, ko da zai sa ki sayi firiza ƙarama. Abu biyu ne kar ki haɗa su. Akwai gad, ɗan ƙaramin da ake sakawa a soket, shi yanke wuta kawai yake yi in ta yi yawa ko ta yi kaɗan, sannan ya jira 'yan mintuna kafin ya sake. Akwai sitabilaiza, shi yana ɗaga wutar in ta yi ƙasa. A unguwa mai lo-karan in gad kaɗai kika sa, zai kare miki injin amma firizar za ta wuni a kashe. Ki nemi sitabilaiza mai ɗaukar wuta tun daga ƙasa sosai, ana rubuta iyakarsa a kwali, mai maɓallin jinkiri, kuma ki bar jinkirin a kunne. Dalili: in aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, gas bai daidaita a bututu ba, injin zai tashi a kan nauyi. Minti 3 zuwa 5 yake buƙata. Kar ki sayi ɗan ƙarami daidai wat ɗin da aka rubuta a firizar, ki ba shi sarari saboda fizgar tashi. Kuma soket nata ita kaɗai a bango, ba a jona ta a doguwar waya tare da dutsen guga da hita ba.

Janareta kuma, ɗan ƙaramin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, a bar shi wa fitila da caji.

Ummu Sudais:
Kuma don Allah a hana yara sassaƙar ƙanƙara da wuƙa. Ƙanwata haka ta yi asarar tata, almajirin gidan ya sa wuƙa sai ji suka yi "fusss".

Mai Gyaran Sanyi:
Wannan kullum sai an kawo mana. Bututun a manne yake da bangon ciki, kuma yawanci alminiyam ne, ba ya son walda. A kashe, a bar murfi a buɗe, ko a sa roba da ruwan ɗumi a ciki. Sannan sababbin yanzu kusan duk R600a ne gas ɗinsu. Yana da sanyi, ba ya shan lantarki sosai, amma yana kamawa da wuta, ɗan'uwan gas ɗin girki ne. Kaɗan ne a ciki, ba abin tsoro ba ne, sai dai in ya fashe a buɗe taga, kar a kunna ashana. Kuma duk ranar da za a cika miki gas, ki duba abin da aka rubuta a jikin kwamfureson ki duba gwangwanin da mai gyara ya zo da shi. In an rubuta R600a kar a zuba R134a, man cikinsu ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya zo cika gas bai nemo inda yake yoyo ba, bai canza diraya ba, wato matatar gas ɗin, bai zuƙe iskar ciki da injin ba, zai dawo ya sake karɓar kuɗinki.

Maman Ilham:
Innalillahi. Nawa mai gyaran bai taɓa zuwa da wani injin zuƙe iska ba. Gwangwani kawai da tiyo.

Mai Gyaran Sanyi:
Ba zan zagi abokin sana'a ba. Amma ki canza.

Baban Walid:
Ni har yanzu ina kan bakana, a sayi mai inbata. Akwai firiza ta kwance mai inbata yanzu, Hisense da Thermocool da Midea duk suna yi. In sola ta zo gaba kamar yadda Ɗan Maraɗi ya ce, ba sai an sake saye ba.

Injiniya Abuja:
In kuɗin ya kai har da kariyar wuta, ina tare da kai. In sai an zaɓi ɗaya, gara ta gargajiya da sitabilaiza mai kyau a kan mai inbata tsirara a soket.

Hajiya Kumasi:
Kar ki manta da rasit, 'yar'uwa. A rubuta lambar jikin firizar a kai, a buga hatimi a katin waranti. Kuma a buɗe kwalin a gabanki.

Alhaji Ɗan Kasuwa:
Wannan kam gaskiya ne, a nan ni ne malaminku. A kasuwa akwai wanda zai manna sunan babban kamfani a jikin kayan da ba nasu ba, har da kwali. Ki je wurin dila na asali ko shagon kamfanin, ko da ya ɗara da 'yan dubbai. A jona ta a shagon, ki tsaya. Bayan ɗan lokaci ki sa hannu a bangon ciki ki ji ya fara sanyi, gefen waje kuma ya yi ɗumi. Ki sa takardar kuɗi a bakin murfin ki rufe ki ja, in ta zare salin-alin robar ba ta kama ba, ki gwada kowane gefe. Ki ɗaga murfin ki ji nauyinsa, ki dubi kaurin bangon, don kaurin nan shi ne riƙe sanyi. Kuma kar ki je da adashin duka a jaka ranar farko, ki zaga shago uku ki ji bakinsu.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, Alhaji, ashe dai za mu shirya. Ga abin da na tsayar: firiza ta kwance matsakaiciya, mai T, daga dilan da ke da wurin gyara a Kano, da sitabilaiza. Inbata ko ba inbata ba sai na ga inda kuɗin ya tsaya. Sunan kuma zan duba tsakanin guda ukun da aka fi ambata. Tambaya ta ƙarshe, a Adaidaita zan ɗauko ta, ba matsala?

Mai Gyaran Sanyi:
In za ta zauna a yadda take, ba matsala, amma gara ki nemi mai kurkura ko akori-kura. Kar a kifa ta, kar a tsayar da ita a gefe. In an sauke ki bar ta ta huta awa huɗu ko fiye kafin ki jona, man injin ya koma mazauninsa, in ma an karkata ta a hanya ki bari sai washegari. Kar ki manna ta da bango, ki bar kamar tafin hannu, nesa da murhu da inda rana ke bugawa. Ranar farko ki bar ta ta yi sanyi babu kaya, kuma zoɓo sai ya huce sarai kafin ya shiga. Da hunturu ki riƙa share ƙurar da ke taruwa a ragar wajen injin.

Ummu Sudais:
Tsohon kuma kar ki bai wa 'yan jari-bola a banza, suna cire jan ƙarfen ciki su sayar. Ki yi ciniki. Ko ki ajiye shi ki riƙa zuba garin tuwo da shinkafa, ɓera ba ya shiga.

Mai Gyaran Sanyi:
In za a ajiye shi a tsakar gida a cire ƙofar ko a ɗaure ta, saboda yara masu wasan ɓuya. Hajiya in ba za ki yi amfani da shi ba, ki tambayi masu gyara na kusa da ke, suna sayen ƙofa da tamostat da aljihunan ciki, sun fi 'yan jari-bola daraja kaya.

Maman Ilham:
To shi ke nan, zan tambaya. Baban Ilham ma ya ce shi zai cika kuɗin sitabilaizar, na ɗauki hoton saƙon nasa kar ya manta.